Ranar da Kakana Ya Ga Kayan Cikinsa

Kakana mahauci ne, ɗan mahauci. Duk wanda ya daɗe yana sayen nama a kasuwar Birnin Gwari ya san shi, dogon tsoho mai faɗa, wanda ba ya yarda a lallatsa masa nama kafin a yi ciniki. Yana da wani tabo a kwiɓinsa na dama, mai faɗin tafin hannu. Yana saurayi, a jajiberin wata Sallah, masu kalangu suka zuga shi ya yi hawan ƙaho, bajimin ya ɗaga shi sama ya soke shi. Wata uku ya yi a kwance, bai je asibiti ba. Babu jikan da bai ga tabon nan ba, domin ko ba a tambaya ba sai ya ɗaga riga ya nuna.

Ni jikarsa ce ta wajen ɗa, ina koyarwa a wata firamare a Magajin Gari. Amarya yake ce mini, ni kuma ina ce masa angon da ba haƙori. A duk gidan ni kaɗai ke iya gaya masa magana ido da ido, saboda wasan jika da kaka. Baffana, wato ɗansa na fari, ko sunansa tsohon ba ya kamawa, shi ma Baffa ba ya iya ɗaga kai a gabansa. Babana ya ɗan fi shi sakewa, amma ba da yawa ba.

Kusan shekara guda yana ganin jini a bayan gida bai gaya wa kowa ba. Da abin ya fito fili, sai kowa ya ce basir ne, don a wajenmu duk ciwon da ya shafi wannan wuri sunansa basir. Ya sha jiƙe-jiƙen masu magani na ranar kasuwa, ya sha saiwoyin da wani abokinsa ke haƙo masa daga dajin Randagi. Yana sha yana ramewa. Ranar da ya kasa ɗaga cinyar sa zuwa kan teburinsa, ranar ce ya yarda aka kai shi asibitin garinmu, su kuma suka rubuta takarda zuwa babban asibiti a birni. A shekarun nan motoci kan taru ne a bakin gari su jira rakiya, sannan su ratsa dajin a jere, kowa bakinsa ɗauke da addu'a. Haka Baffa da babana suka tafi da shi.

Bayan gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne a ƙarshen hanji, sama kaɗan da dubura, kuma bai bazu ba tukuna. Babana ne ya kira ni ya yi mini bayani, yana ta kewaye-kewaye kamar mai tsallake kwata. Ya ce likitar da za ta yi aikin mace ce, kuma ta ce hanya biyu ce. Ko a tsaga cikin tun daga saman cibiya har mara, a sa hannu a ciro, ko kuma a yi 'yan huda ƙanana, a hura iska cikin ya ɗaga, a zura kyamara da wasu dogayen ƙarafa, a yi aikin ana kallon allo. Ta ce abin da za a ciro ɗaya ne ta kowace hanya. Ta huda ta fi ɗaukar lokaci a ɗakin tiyata, amma ciwon bayan aiki ya fi sauƙi kuma mutum ya fi saurin tashi. In ta shiga ta ga ba zai yiwu ba, to dole ta tsaga. Tsohon dai ya ce shi a feɗe shi kawai yadda aka saba, 'ya'yansa suka lallashe shi a yi ta huda, ya ce to, su suka sani.

Kwana uku da yin aikin na samu mota na je. Na shiga ɗakin ina shirin ganin rabin gawa, sai na tarar da shi a tsaye, yana dafe da ƙarfen gado, yana takawa a hankali. Na tsaya baki buɗe. Ya ɗaga mini riga, na ƙirga 'yan filasta huɗu, kowace ba ta fi kan babban yatsa ba, da wata guda a ƙasan mara wadda ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Tsohon tabon ƙahon ya fi su duka girma in an haɗa. Na yi ta salati. Ni da na tashi ina ganin yadda ake buɗe cikin rago kafin a kai ga hanji, na kasa gane ta ina mutum zai bi ta waɗannan ƙofofi ya yanko abu ya kuma haɗa hanji ya ɗinke.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani Bafulatani makiyayi, shi ma ciwon iri ɗaya. Shi an kawo shi ne hanjin ya riga ya toshe, cikin ya kumbura, don haka tsaga shi aka yi. Ɗinkinsa ya taso tun daga ƙasan ƙirji har mara, in zai yi tari sai ya rungume matashi. Ya riga kakana shiga tiyata da kwana biyu, amma ko zama bai fara yi sosai ba. Na lura kakana yana yawan kallon ɗinkin mutumin nan, ya kuma kalli nasa cikin. Na tsokane shi, na ce ko kishi yake yi an fi shi ado. Bai rama ba. Na ɗauka gajiya ce, na koma gida washegari ina ba kowa labarin ikon Allah.

A kwana na biyar aka sallame shi, aka ce ya koma bayan mako uku a ga sakamakon abin da aka ciro. Bafulatanin yana nan kwance suka yi sallama.

Gida ya cika da 'yan dubiya. A wajenmu in an yi wa mutum aiki, maza tsaransa sukan ce a nuna musu wurin, su ga ɗinki, su jinjina kai, su ce an sha wuya. Kuma akan tambayi abin da aka ciro, don an saba ma'aikatan asibiti su fito da shi a ɗan kwano su nuna wa dangi. Wani tsohon abokin fawarsa daga Gayam ya duba cikin, ya sake dubawa, ya ce ai wannan ko ƙaho wanzami ya yi maka zai fi haka barin alama. Aka yi dariya. Kakana ya sauke rigarsa, daga ranar bai ƙara ɗaga ta ga kowa ba.

Sai ya fara rage cin abinci. Kunu ma sai ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya daina fitowa zaure. Da aka tuna masa ranar komawa asibiti, ya ce ba inda za shi, shi a ɗakinsa yake so a same shi, ba a kan hanyar daji ba. Baffa da babana suka ce a bi shi a hankali. Rannan kuma ya sa aka ɗauko masa jakar wuƙaƙensa, ya ba Baffa barho, ya ba babana wuƙar fiɗa, ya rarraba sauran. Ni aka aiko mini da dutsen washinsa har gida, a naɗe a tsumma. Dutsen nan na ubansa ne, tsakiyarsa ta lotsa saboda shekaru, kuma ko taɓa shi ba ya bari a yi.

Da na warware tsumman na ga abin da ke ciki, raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Ana tashi daga makaranta ban ko biya gida ba, na wuce wurinsa. Na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya. Na ce masa wane irin ango ne zai aiko wa amarya da dutse, ko lefen ke nan. Bai yi dariya ba. Na zauna a bakin gadon na ce yau ba zan tashi ba sai ya gaya mini abin da ke damunsa, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Amarya, ke ma da ke za a rufe ni? Buɗewa suka yi, suka ga abin ya fi ƙarfinsu, suka rufe."

Sannan ya jero mini hujjojinsa, kuma wallahi da na ji su ban ga wautarsa ba. Shekarun baya an kai ƙanensa asibiti da ciwon ciki, aka yi masa 'yar ƙaramar tsaga, aka sallamo shi bayan kwana huɗu, aka ce a je gida a ci gaba da addu'a. Bai cika wata biyu ba ya rasu. Shi kuma ga shi an sallamo shi a kwana biyar, an bar wanda aka yi wa aikin gaske a kwance. Ba wanda ya nuna masa abin da aka ciro. Ya ce shekara hamsin yana fiɗa, ya san inda ƙarshen hanji yake, can cikin ƙugu ne, tsakanin ƙasusuwa, wurin da ko a jikin sa sai ka zura hannu har gwiwa. Ta ramin da ɗan yatsa ba ya shiga za a ce an ciro shi? Abin da ya fi tsaya masa a rai kuwa, sau biyu yana tambayar 'ya'yansa me aka ciro, sau biyun suna sunkuyar da kai su ce an dai yi nasara, Baba. Ya ce ya san wannan sunkuyon, shi ma irinsa ya yi wa ƙanensa.

Na fita na sami Baffa a zaure. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, Allah ya yafe mini. Ashe likitar ta nuna musu abin tun ranar aikin kafin a kai shi ɗakin gwaji, guntun hanji mai tsawon kusan taƙi guda, har babana ya ɗauki hotonsa a waya. Na ce to me ya hana ku gaya masa? Baffa ya kalli ƙasa, ya ce ta yaya zai buɗi baki ya yi wa mahaifinsa zancen wannan wuri na jikinsa. Kunya ce kawai. Su suna sunkuyar da kai don girmamawa, shi yana karanta mutuwarsa a sunkuyon.

Na karɓo wayar babana na kai wa kakana hoton. Ya duba, ya miƙo mini, ya ce hanji dai hanji ne, shi ma zai iya ɗauko na tunkiya ya nuna mini. A nan na fusata sosai. Na ce masa shi da bai taɓa sayen saniya bai shafa ta ba, yau shi ne zai yi cinikin biri a sama da ransa? Na ce ya bi ni mu je, ni zan tambayi likitar a gabansa da bakina, ba kewaye-kewaye. In ta ce rufewa aka yi, a ranar zan dawo da shi ɗakinsa, kuma ba mai ƙara damunsa. Ya ce in rantse. Na rantse.

Muka bi ayarin motoci ranar da aka sa masa, ni da shi da Baffa. Damina ta fara, dajin ya yi kore shar, dogayen itatuwa sun haɗe kai a wasu wuraren har rana ba ta sauka kan kwalta. Yana ta kallon waje ta taga. Daga baya ya gaya mini sallama yake yi da hanyar, don ta nan suke koro shanu da ƙafa yana yaro.

Likitar ba ta kai yadda na zata ba. 'Yar siririya ce, ba za ta girme ni da yawa ba, Hausarta irin ta wanda ya koya a kasuwa da makaranta. Ban bari ta gama gaisuwa ba na faɗi abin da ya kawo mu, yadda na yi alkawari. Na ce wannan tsohon ya ce ba ki ciro komai ba, kin buɗe kin rufe, kuma mahauci ne, ba ya yarda da abin da bai gani ba. Baffa kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ji haushi ba. Ta ce aikin da ake yi da kyamara yakan zauna a na'ura, nasa ma yana nan. Ta tambaye shi ko zuciyarsa za ta iya ɗaukar kallo. Ya ce shi da jini tun kafin a haifi uwarta.

Ta juyo da allon kwamfutarta wajensa. Da farko ni ban gane komai ba, wani wuri ne ja-ja mai sheƙi, kamar cikin kwano a kife, komai yana motsi a hankali. Shi kuwa nan take ya gyara zama. Ya fara nunawa da yatsa yana kiran sunayensu, ga hanta can, ga kitse, ga ƙananan hanji. Muryarsa ta canza, ta koma irin ta bakin teburinsa. Amma ya ce wannan ai cikin kowa ma haka yake.

Likitar ta ce ya dakata. Ta matsar da hoton gaba kaɗan, kyamarar ta juya dama. A nan sai ga wani wuri inda hanji ya manne da bangon ciki, da wasu farare-fararen zare kamar yanar gizo mai kauri, a tsakiyarsu kuma wani tabo a murɗe. Ta ce wurin nan ya ci mata lokaci kafin ta raba shi, kuma tun ranar take son ta tambaye shi abin da ya same shi a nan.

Kakana ya kai hannu kwiɓinsa na dama, ta saman riga. Ya dubi allon, ya dubi hannunsa. A hankali ya ce, "Bajimin nan ne." Sai kuma ya ce, "Ashe haka ya yi ta ciki."

Tabon da muka yi ta gani tun muna yara, wanda ya fi shekara hamsin, ga bayansa muna kallo, gefen da shi mai tabon bai taɓa gani ba, ba kuma wanda ya taɓa gani kafin aikin nan sai Wanda ya halicce shi. Na ji Baffa yana tasbihi ƙasa-ƙasa a bayana.

Likitar ta ƙara matsar da hoton gaba. Muka ga bakin ƙarafan nan biyu, ƙanana kamar bakin tsuntsu, suna gangarawa cikin ƙugu, can inda ya ce hannu ba ya kaiwa sai da ƙyar. Ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya yanka, kaɗan-kaɗan. Likitar ta ce ƙarshen hanji yana cikin wata riga ta kitse mai siririn tantani, kuma dole a ciro shi da rigarsa ɗungurungum ba tare da an huda ta ba, don in ta fashe ciwon na iya zuba ya sake tsirowa. Ya ce ai ya sani. Ya ce haka ake cire na dabba, in ka huda ka ɓata naman, kuma akwai wata hanya tsakanin tantani da tantani wadda in ka same ta wuƙa ba ta shan wuya, abin da kansa yake rabuwa. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Yana cewa, yauwa, bi nan, kada ki yi sama, yauwa. Ya manta cikinsa ne, ya manta an riga an gama.

Da aka zo inda aka ɗaure abin aka jawo shi ta 'yar tsagar mara, aka kuma haɗa bakin hanjin biyu, sai ya koma ya jingina. Ya ce jinin da ya zuba duka bai kai na yankan zakara ba. Ya tambaye ta wa ke riƙe da wuƙar. Ta ce ita ce. Ya ce ta nuna masa hannunta. Ta miƙo su, 'yan ƙanana, ba ko ƙunshi. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, "Shekara hamsin ina wannan aiki, ban taɓa yi wa dabbar da za ta tashi ba. Ke kin feɗe, kin mayar, ga ni zaune." Idonsa ya kawo ruwa, bai kuma ɓoye ba. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ni ma na kasa riƙe nawa.

Sannan ta gaya masa sakamakon, shi da kansa, ba ta bayan 'ya'yansa ba. An ciro ciwon duka, gefunan sun fita da tsabta, amma an sami ɓurɓushinsa a wasu 'yan ƙulluttai da ke cikin kitsen, don haka zai sha magani na wasu watanni, kuma zai riƙa zuwa ana dubawa shekara da shekaru. Ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ya ce ya ji, kuma zai zo. Ya tambayi labarin Bafulatanin, ta ce an sallame shi, ɗinkinsa ya kama lafiya, shi hanyar da ta dace da shi ke nan. A tasha, kafin mota ta cika, ya ce in sayo masa fura. Ya shanye, ya ce ba ta ji nono ba.

Maganin ya wahalar da shi, ba zan ɓoye ba. Ya yi amai, tafin hannunsa ya yi baƙi, sau biyu yana cewa ya gaji. Amma bai ƙara juya wa ƙofa baya ba. Ya koma ɗaga riga ga duk wanda ya shigo, yanzu da tabo iri biyu, kuma labarin 'yan hudan ya fi na bajimin tsawo. Abokinsa na Gayam ya sha bayani har ya gaji.

Da layya ta matso ya aika aka karɓo masa barhonsa da wuƙar fiɗa, Baffa da babana suka mayar da sauri. Ya aiko mini a kan dutsen, na ce a gaya masa ba a ba amarya kaya a dawo a karɓe, in yana son washi ya tako da ƙafarsa. Ya zo yana faɗa tun daga ƙofar gida, ya zauna a tsakar gidana, na kawo masa ruwa a kwano da dutsen ubansa, ya wasa wuƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama na ɗauke abina na mayar ɗaki.

Dutsen yana nan a ƙarƙashin gadona, a cikin tsumman da aka aiko shi. Duk jajiberin layya nakan fito da shi tun da safe, in ajiye a inuwa, in yi ta sauraren ƙofa. Bana zuwansa na huɗu ke nan.